Ku Tambaya Mu Amsa: Rurum, Guguwar Zaɓe, Da Kujerar Ɗan Majalisar Jiha

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan 'yan majalisar jiha suke, sai na zaɓi huɗu, na farkon shi zai ci mana fili sosai saboda akwai abin faɗa a cikinsa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah inaso ka raba mana gardama da muke a majalisarmu ta bayan isha'i. Ni nace Kabiru Alhassan Rurum karfinsa ne da son da jama'a ke masa yasa duk jam'iyyar da ya shiga sai yaci zabe, abokina kuma yace ba wani karfi kawai iya bin iska ne. Waye mai gaskiya acikinmu? Daga wani dan kasuwa a Rano.

AMSA: Ɗan uwa barkanmu dai. Toh kafin in ce wane ne mai gaskiya bari mu bi tafiyar mutumin tun daga tushe, don yawanci gardamar majalisar dare ana yinta ne kowa ya riƙe zaɓe ɗaya da ya yi masa daɗi ya manta sauran.

Rurum ya shiga majalisar dokokin jihar Kano a 2011 yana wakiltar mazaɓar Rano, wato lokacin da Kwankwaso ya dawo mulki karo na biyu. Ya sake cin kujerar a 2015 a APC, kuma a watan Yunin shekarar 'yan uwansa suka zaɓe shi kakaki. A watan Yulin 2017 ya sauka, a daidai lokacin da ake ta yaɗa zargin cewa an ba da kuɗi don majalisa ta dakatar da binciken da ta fara yi wa Sarki Muhammadu Sanusi II, zargin da shi ya fito ya musanta. Yusuf Abdullahi Ata na Fagge ya hau kujerar, shekara guda kacal ya yi, a ƙarshen Yulin 2018 aka tsige shi aka mayar da Rurum. Kaga wannan kaɗai ya isa ya nuna maka mutum ne da ya iya zama da mutane a cikin zauren, don wanda ya sauka cikin surutu ya dawo bayan wata goma sha biyu ba ƙaramin aiki ya yi a ƙarƙashin ƙasa ba. Tsige kakaki sai da kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa, a Kano mai kujera 40 kenan sai an haɗa mutum 27.

A zangonsa na biyu a kujerar kakaki abubuwa biyu suka faru da har yanzu ake magana a kansu. Na farko bidiyon dala da aka zargi Gwamna Ganduje a ƙarshen 2018, majalisa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Baffa Babba Ɗanagundi, kotu ta dakatar da binciken, magana ta mutu a nan. Na biyu kuma, wanda ya fi shafarku ku mutanen Rano, shine dokar da ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, wadda majalisa ta zartar cikin 'yan kwanaki a watan Mayun 2019 Ganduje ya sa hannu. Mutumin cikin birni har gobe yana ganin wannan doka a matsayin yanka masarautar Kano gunduwa-gunduwa, amma mutumin Rano da Kibiya da Bunkure wani abu daban yake gani, yana ganin an dawo masa da martabar da ya daɗe yana cewa tasa ce tun zamanin Hausa Bakwai. Duk wanda zai auna farin jinin Rurum a yankinsa bai saka wannan a sikeli ba, to bai auna komai ba.

Sai dai lura da kyau, lokacin da aka yi dokar masarautun ya riga ya ci zaɓen majalisar wakilai ta tarayya, mazaɓar Rano/Bunkure/Kibiya, a zaɓen 23 ga Fabrairun 2019 a APC. Don haka ba dokar ce ta kai shi Abuja ba, amma ta yi masa amfani a zaɓen da ya biyo baya. A 2022 da Ganduje ya tsayar da Nasiru Gawuna takarar gwamna da Murtala Sule Garo a mataimaki, mutanen Kano ta Kudu da yawa suka ji an bar su a baya, Rurum ya fice ya koma NNPP kusan lokaci ɗaya da Kawu Sumaila, kuma ya sake cin kujerarsa a 2023 da kwandon kayan marmari, alamar NNPP a lokacin. Daga baya zama da Kwankwasiyya ya ƙi daɗi, a 2025 ya dawo APC.

Toh yanzu ga inda abokinka yake da hujja. Dubi shekarun nan da kyau. A 2015 guguwar Buhari ce ta kada, ana cewa APC sak daga sama har ƙasa. A 2019 ranar zaɓen 'yan majalisar tarayya rana ɗaya ce da zaɓen shugaban ƙasa, Buhari na kan takarda, Kano kuwa ta ba shi ƙuri'a sama da miliyan ɗaya. A 2023 kuma NNPP ce ta share Kano, Kwankwaso ya ci jihar a zaɓen shugaban ƙasa, jam'iyyar ta kwashe mafi yawan kujerun wakilai 24, sannan a 18 ga Maris Abba Kabir Yusuf ya samu ƙuri'a 1,019,602 Gawuna ya samu 890,705, a majalisar jiha NNPP ta tashi da kujera 26 APC 14. Wato a duk waɗannan zaɓuɓɓukan uku Rurum yana cikin jam'iyyar da iska ke kaɗawa wajenta. Ba mu taɓa ganinsa ya tsaya shi kaɗai guguwa na dukansa a fuska ba, balle mu ce ga iya nauyinsa shi ɗaya. In kana neman wanda ya tsallake guguwa a 2023 sai ka dubi irinsu Hamisu Chidari, shi ma tsohon kakaki ne daga Makoɗa, da ya ci Dambatta/Makoɗa a APC a ranar da NNPP ke cin kusan ko'ina, ko da yake shi ma yana yankin Barau Jibrin ne, inda tsintsiya ta fi riƙe ƙasa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe ya san yadda abin yake. Ana miƙa wa tsohuwa takardu uku, babu sunan ɗan takara ko hotonsa a ko ɗaya, alamar jam'iyya ce kawai da haruffanta, ta juyo ta tambayi jikanta tun a layi, ina kayan marmarin yake, ina tsintsiyar, ta dangwala a wuri ɗaya a dukkan takardun ta ninke ta jefa ta tafi gida. Da yawa wallahi sai bayan wata uku suke sanin sunan wanda suka tura majalisa. A irin wannan tsari mutum zai iya cin zaɓe sau biyu ba tare da an taɓa zaɓarsa shi a kan kansa ba.

Amma kai ma kana da taka hujjar, kuma ni a ganina ta fi ta abokinka nauyi kaɗan. Guguwa ba daga sama take faɗowa ba, mutane ne ke haɗa ta. A 2022 NNPP jam'iyya ce da ba ta da gwamna ko ɗaya, ba ta da gwamnatin tarayya, barin jam'iyya mai mulki a jiha da ƙasa a koma can caca ce babba, kuma da yawa da suka fi shi baki sun zauna a inda suke. A Kano ta Kudu jar hula kaɗai ba ita ta kayar da Sanata Kabiru Gaya da ke kan kujera tun 2007 ba, sai da irinsu Kawu da Rurum suka zo da nasu mutanen, shugabannin mazaɓu da ejan-ejan da matan unguwa da aka daɗe ana tare. Don haka in abokinka ya ce bin iska ne, ka ce masa eh, amma yana cikin waɗanda suka hura ta. Kuma sanin inda jama'a suka karkata wata tara kafin zaɓe shi ma ƙarfi ne, ba a samunsa sai mutum yana zuwa jana'iza da ɗaurin aure da suna, yana jin abin da ake faɗa a bakin masallaci.

Abin da ni ya fi damuna a gardamar taku shine duk ku biyun cin zaɓe kuke ƙirgawa. Ba wanda ya tambaya, a shekara takwas ɗin nan a majalisar jiha wace doka aka yi da ta canza rayuwar manomin Rano, sau nawa majalisar da ya jagoranta ta mayar wa gwamna da kasafin kuɗi ta ce gyara nan, ina binciken da aka fara ya ƙare. Wannan tambayar ba Rurum kaɗai ta shafa ba. Majalisar da ta ƙirƙiro masarautu a 2019 cikin kwanaki saboda gwamna na so, ita ce dai, da wasu fuskokin ƙarƙashin Jibril Ismail Falgore, ta rushe su a 23 ga Mayun 2024 cikin gaggawa saboda wani gwamnan na so, daga baya aka mayar da Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu. Sau biyun duka ba a zauna an ji ta bakin jama'a yadda ya kamata ba. Shi ya sa mutane ke kiransu 'yan amshin shata, kuma abin na min ciwo, don wannan kujerar ita ce mafi kusa da talaka a duk kujerun dokoki.

TAMBAYA: Slm. Wai meyasa dan majalisa zai ci zabe a wata jam'iyya da kuri'armu sannan ya sauya sheka ya tafi da kujerar? Ba haramun bane a doka? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. A rubuce dai haramun ne. Sashe na 109 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar jiha da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi kafin wa'adinsa ya ƙare ya rasa kujerarsa, sashe na 68 kuma ya faɗi haka a kan 'yan majalisar tarayya. Amma an bar ƙofa, in jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta haɗe da wata, to yana iya tafiya da kujerarsa. Ta wannan ƙofar kowa ke fita, shi ya sa duk takardar sauya sheƙa da za ki ji an karanta a zaure sai kin ji an ce saboda rikicin da ya dabaibaye jam'iyyata. Waɗanda suka bar NNPP ma da shi suka kafa hujja, tunda a lokacin akwai ɓangaren Kwankwaso akwai kuma ɓangaren Boniface Aniebonam wanda ya kafa jam'iyyar.

Kotun ƙoli ta taɓa yin hukunci mai kyau a 2015 a shari'ar Ifedayo Abegunde, ɗan majalisar wakilai daga Ondo, wanda ya bar Labour ya koma ACN, ta ce rikicin reshen jiha bai isa hujja ba, sai rabuwar ta kai ga shugabancin jam'iyya na ƙasa, kuma ya rasa kujerar. Matsalar ita ce wanda doka ta ɗora wa ayyana kujera babu kowa shine kakaki, kuma galibi jam'iyyar kakakin ake komawa, kinga ba zai kori baƙonsa ba. In aka tafi kotu kuma kafin a gama shari'a wa'adin ya kusa ƙarewa. Ni ra'ayina a fili yake, duk wanda ya sauya sheƙa ya ajiye kujera a sake zaɓe, in da gaske jama'a shi suke so ai zai dawo, ba abin tsoro.

TAMBAYA: Yaya ina da shekara 27, nagama digiri ina koyarwa a makarantar gwamnati, matasan garinmu nata matsa min in fito takarar majalisar jiha. Me ake bukata kuma ta ina zan fara? Bani da uban gida bani da kudi. Daga wani matashi a Jigawa.

AMSA: Ƙanina Allah ya sa albarka a wannan niyya. Ta fuskar doka ba ka da matsala. Tun da Buhari ya sa hannu a gyaran da ya rage shekarun takara a ƙarshen Mayun 2018, shekara 25 ake buƙata maimakon 30. Sai zama ɗan ƙasa, da karatu aƙalla matakin sakandare, da kuma jam'iyyar da za ta tsayar da kai, don har yanzu ba a takarar indifenda a Najeriya. Tunda ma'aikacin gwamnati ne kai dole ka ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, kuma jam'iyyu kan nemi a ajiye tun kafin zaɓen fidda gwani, don haka ka yi shawara da iyalinka tun yanzu, albashi ne za ka bari ba tare da tabbacin komai ba.

Maganar kuɗi kuma ba zan ɓoye maka ba. A 2022 fom ɗin majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, a PDP dubu 600, dokar zaɓe ta 2022 kuma a lokacin ta ce kada ɗan takarar wannan kujera ya kashe sama da miliyan 30 a kamfe. Amma fom shine mafi sauƙi. Inda ake yin ta shine tikiti. A yawancin jihohinmu in ka samu tikitin jam'iyyar da guguwa ke tare da ita ka gama kashi mafi girma na aikin, shi ya sa faɗan gaske ba ranar zaɓe ake yinsa ba, ana yinsa ne daren firamare, a zaɓukan baya akan kwashe daliget a kai su masauki a karɓe wayoyinsu har gari ya waye, ko kuma a kira ku ɗaki a ce an yi maslaha kowa ya janye wa wane. Ko an ce 'yar tinƙe za a yi, wanda ke riƙe da rajistar jam'iyya shi ke riƙe da sakamako.

Shawarata kar ka fara da buga fosta. Ka fara da mazaɓarka ta gunduma, ka yi rajistar jam'iyya, ka riƙa zuwa taro ko da na mutum goma ne a ƙarƙashin bishiya, ka san shugaban jam'iyya na kowace gunduma da shugabar mata da sunansu da gidansu. Ka lissafa rumfunan zaɓen mazaɓarka, kowace ka samu mutum ɗaya amintacce da zai tsaya maka ejan ba don taliya ko dubu biyu ba, wanda zai tsaya har a ƙirga a rubuta a takardar sakamako ya karɓi kwafi. Ka kuma san girman abin da kake nema, doka ta ce majalisar jiha ba za ta gaza kujera 24 ba ba za ta wuce 40 ba, Jigawa na da 30, Kano na da 40 a ƙananan hukumomi 44, shi ya sa aka haɗa irinsu Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, Bagwai da Shanono a kujera ɗaya, kuma a irin waɗannan wuraren akwai karɓa-karɓa ta fahimtar juna da in ba ka san da ita ba za ka fito a lokacin da ba na garinku ba.

Kuma ana yi fa. A 2023 Rukayat Shittu ta ci kujerar Owode/Onire a majalisar Kwara tana da shekara 26, mace kuma, alhali majalisar Kano da aka zaɓa a shekarar ko mace ɗaya babu cikin 40. Mudashiru Obasa na Legas da kansila ya fara a Agege a 1999, ya shiga majalisa a 2003, ya zama kakaki a 2015, aka tsige shi a Janairun 2025 ya dawo a Maris. 'Yan majalisa ba su da iyakar zango kamar gwamna, don haka in ka faɗi karon farko ba a rufe maka ƙofa ba. In kuma ka ga an yi maka maguɗi kwana 21 kawai gareka ka shigar da ƙara a kotun zaɓe, ita kuma tana da kwana 180, shari'ar majalisar jiha a kotun ɗaukaka ƙara take tsayawa ba ta zuwa kotun ƙoli.

TAMBAYA: Dana, dan majalisarmu tunda muka zabeshi ya tare a birni, ya canza lamba, ko gaisuwar mutuwa baya zuwa. Ance akwai kiranye. Yaya akeyi? Daga wani dattijo, bai fadi garinsu ba.

AMSA: Baba sannu da haƙuri, Allah ya ƙara girma. Kiranye na nan a sashe na 110, amma hanyarsa da tsauri. Sai fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, ba rabin waɗanda suka yi zaɓe ba, rabin masu kati gaba ɗaya har da waɗanda suka ƙaura. INEC ta zo ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A ƙasar da ko ranar babban zaɓen 2023 waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, kun ga tara rabi ba wasa bane. An gwada a kan Simon Lalong yana kakakin majalisar Filato zamanin rikicin Gwamna Dariye bai yiwu ba, har ya zo ya zama gwamna a 2015. An gwada a kan Dino Melaye a 2018 abin ya mutu wajen tantancewa, na Natasha Akpoti a 2025 ma INEC ta ce sa hannun bai kai rabi ba.

Abin da ya fi muku sauƙi Baba shine ku tara dattawan gundumomi da limamai da shugabannin jam'iyyarsa ku rubuta masa takarda ku ajiye kwafi, ku nemi ya zo ya zauna da ku ya faɗi ƙudurin da ya kai da abin da aka saka wa yankinku a kasafin bana. Ku kuma bincika ko yana ma zuwa zaman majalisar, don doka ta ce su zauna aƙalla kwana 181 a shekara, wanda ya yi fashin sama da kashi ɗaya cikin uku ba da dalili ba kujerarsa na iya tafiya. In ya ƙi zuwa, ku kai maganar gidan rediyo da takardarku a hannu. Sannan ku riƙe shugabannin jam'iyya na gundumominku tun yanzu, tunda ta hannunsu tikitin tazarcensa zai bi, ku gaya musu a gaban jama'a cewa in suka sake tsayar da shi ba za ku yi sak ba.

Masu tambaya a kan albashi da alawus na 'yan majalisa da kuɗin ayyukan mazaɓu, na ga saƙonninku, mako mai zuwa in Allah ya kaimu da su za mu fara.